"Duk abin da kuka ga ya dace, yallaɓai"

Da asuba yaron da ya zo mana intabiyu ya taso daga Jos. Bai faɗa ba, rigar sanyin da ke naɗe a hammatarsa ce ta faɗa, don a unguwar Utako ta Abuja da ƙarfe sha ɗaya na safe babu mai buƙatar irinta. Duk wanda ya saba biyo Hawan Kibo ya gangaro ta Akwanga ya san kafin a kai Keffi an tuɓe ta. Ni ma 'yar Jos ce, a Gangare aka yanke cibiyata, saboda haka tun kafin ya zauna zuciyata ta karkata gare shi, abin da bai kamata mai irin aikina ta bari ya fito a fuskarta ba.

Mu uku ne a bayan tebur: manajan kuɗi, da shugaban sito, sai ni mai kula da sha'anin ma'aikata. Kamfaninmu kayan masarufi yake rarrabawa, kuma mutum biyu muke nema da za su riƙe littafin shige da ficen kaya a sitonmu na Idu. Yaron ya karanci aikin akanta a Jami'ar Jos, ya yi bautar ƙasa, ya shekara biyu yana riƙe wa wani ɗan kasuwa sito. Shugaban sito ya tambaye shi me zai yi idan littafi ya ce katan 400 na madara, aka ƙirga aka tarar da 388. Bai yi gaggawa ba. Ya ce kafin ya zargi kowa zai fara duba takardun kayan da kantuna suka dawo da su, sai waɗanda aka ware don sun lalace, sai motocin da suka fita jiya da yamma ba a shigar da su ba. In duk wannan bai cike giɓin ba, sannan zai nemi littafin maigadi. Shugaban sito ya jawo takardata ya rubuta a gefe: wannan ne.

Sai manajan kuɗi ya yi tambayar da ake yi a ƙarshe. Nawa kake sa ran a biya ka?

Yaron ya sunkuyar da kai, ya haɗa tafukan hannunsa a tsakanin gwiwoyi, ya yi ɗan murmushin nan da muke yi idan babba ya miƙo mana abu. Ya ce, "Duk abin da kuka ga ya dace, yallaɓai." Da Turanci ya faɗe ta, amma ni da Hausa na ji ta, har da "Allah dai ya sa albarka" ɗin da bai furta ba.

A cikin fayil ɗin da ke gabana an rubuta cewa kujerar nan tana ɗaukar daga naira 180,000 zuwa 230,000 a wata. Ina kallo manajan kuɗi ya zana 180,000, ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Ba mugun mutum ba ne. Aikinsa ke nan, kuma shi aka bar wa zaɓi.

Bayansa wata yarinya ta shigo, wadda ta taso a Legas. Amsoshinta ba su kai nasa ba, amma ta ci. Da aka yi mata wannan tambayar, ko ƙyafta ido ba ta yi ba ta ce 250,000, ta kuma ƙara da tata: kafin a cire haraji da fansho ake magana, ko bayan an cire? Aka ja, ta ja, aka tsaya a 220,000. Rana ɗaya suka kama aiki, littafi ɗaya suke riƙewa, fanka ɗaya ke kaɗa musu iska.

Bambancin naira 40,000 ne a wata, 480,000 a shekara. Kuma ba nan ya tsaya ba, don ƙarin albashin da muke yi kashi-kashi ne: in an ce kashi goma cikin ɗari, ita ta tashi da 22,000, shi 18,000. Fansho ma bisa albashi ake lissafa shi. Maganar da bai yi daƙiƙa biyar yana faɗa ba za ta bi shi har ranar da zai bar kamfanin, wataƙila ma ta raka shi gaba, don inda zai koma abin da za su fara tambaya shi ne nawa ake biyansa a nan.

Da dare na ba maigidana labari, ya ce, "To ke me kika yi?" Na ce ban yi komai ba. Kamfani ne ke biyana, fayil ɗin nan amana ce, ba zan ƙyafta wa ɗan garinmu ido a gaban mutane ba, ba kuma zan bi shi waje in raɗa masa ba. Ya ce gaskiyarki. Amma tuwon daren nan da ƙyar ya wuce.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, wannan yaron, ajiye shi a kasuwar Farin Gada da sassafe ka ce ya sayo kwandon tumatir ko buhun kabeji, ka ga aiki. Zai taya, a ce albarka, ya ƙara kaɗan, a ce albarka, ya juya kamar zai tafi, a kira shi, a sallama, sannan ya tsaya neman gyara. Da shi da mai kayan babu wanda zai ce an yi rashin kunya, gobe ma da fara'a za su gaisa. Fatake da 'yan koli ne suka haife mu, ciniki a jininmu yake. Amma ranar da hajar ta zama ƙarfinmu da iliminmu da sa'o'i tara na kowace rana, sai baki ya mutu.

Na daɗe ina juya dalilin. Inda na tsaya shi ne mun daina ɗaukar aiki a matsayin ciniki, mun mai da shi alfarma. Wanda aka yi wa alfarma kuwa ba ya cewa nawa, godiya kawai yake yi.

Kuma ban ga laifin yaranmu ba, don abin da suka buɗe ido suka gani ke nan. Ranar Asabar 15 ga Maris 2014 ina Jos muka kalli hotunan babban filin wasa na Abuja a talabijin, ya cika ya batse da matasa sanye da fararen riguna da gajerun wanduna, sun zo jarrabawar shiga aikin shige da fice. Guraben ba su kai 5,000 ba, masu nema dubban ɗaruruwa ne, kowa kuma sai da ya biya naira 1,000 kafin ya cike fom. A turereniyar da aka yi a Abuja da wasu garuruwa mutum fiye da goma suka rasa rayukansu. A 2023 kuma kwamitin Majalisar Wakilai ƙarƙashin Yusuf Gagdi, ɗan majalisa daga Filato, ya zauna yana sauraron shaidu kan sayar da guraben aikin gwamnati, mutane suna fitowa suna faɗin miliyoyin da suka biya. Yaron da ya girma yana jin cewa kan aiki ake mutuwa, da kuɗi ake sayensa, ko sai da takardar wani babba, ranar da aka ce masa zo ka fara Litinin ba tare da ya ba kowa sisi ba, ta ina zai fara cewa a ƙara masa? Gani yake in ya yi tari ma za a fasa.

Ni ma ba da wannan wayon aka haife ni ba. Aikina na farko a 2010 na same shi, bayan na gama bautar ƙasa, a wani kamfanin kayan gini na wani Alhaji abokin mahaifina. Baba ne ya kai ni da kansa. Suka gaisa, suka taɓa hirar zamanin kuza da ta kasuwar Terminus kafin ta ƙone, sannan Alhaji ya dube ni ya ce, "'Yata, gobe ki fito." A hanyar gida na ce, "Baba, ba za a ba ni takarda ba?" Ya tsaya cak a bakin titi ya ce, "Takardar me? Alhaji ai ubanki ne." Ban sake tayar da maganar ba.

Kuma Alhaji ya riƙe ni kamar 'yarsa, Allah ya jiƙansa. Ƙarshen wata a ambulan ake miƙo mini naira 25,000, da azumi a haɗa da buhun shinkafa, da sallah turmin atamfa. Ni ke rubuta albashin leburori da direbobi, ni ke shiga tsakani idan an yi faɗa, ni ke zuwa asibiti idan kaya ya faɗo wa wani. Shekara uku da wata huɗu. Da ya rasu 'ya'yansa suka karɓi kamfani, wata Alhamis da yamma babban cikinsu ya kira ni ya ce za su yi gyare-gyare, kada in fito Litinin. Ba faɗa, ba zagi, har da "a gaida Baba". Na ɗauki jakata da sallayata na fito.

Zafin bai zo ba sai da na iso Abuja neman aiki. Duk inda na ce ina da gogewar shekara uku sai a ce ina takardar ɗaukar aiki, ina takardar albashi, ina shaidar banki. Babu ko ɗaya. A idon takarda, tun da na gama bautar ƙasa ina zaune a ɗakin uwata. Sai da na koma na fara daga matakin waɗanda suka fito makaranta jiya.

Shekaru bayan haka, ina karatun jarrabawar CIPM, cibiyar ƙwararrun masu kula da ma'aikata, na ci karo da sashe na 7 na Dokar Ƙwadago. Ya ce kada a wuce wata uku da fara aiki ba a ba ma'aikaci rubutacciyar takarda ba, mai ɗauke da sunan wanda ya ɗauke shi, da irin aikin, da yadda za a biya shi, da sa'o'in aiki, da hutu, da wa'adin da za a bayar in za a rabu. Sashe na 11 ya yanka wa'adin: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya ga wanda ya kai biyar. Na ajiye littafin na yi dariya ni kaɗai. Ashe abin da na tambayi Baba a bakin titi ba rashin tarbiyya ba ne, doka ce tun shekarun 1970.

Sai dai a lura, dokar nan leburori da akawuna ta fi rufewa. Manajoji da ƙwararru da masu aikin gudanarwa ba sa cikin waɗanda take kira ma'aikaci, su abin da ke cikin takardarsu shi ne madogararsu. In rigima ta kai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, abin da alƙali zai fara nema takardar ce. Wato mai digirin da yake ganin ya fi ƙarfin tambaya, shi ya fi kowa buƙatarta.

Wanda ma aka ba takardar, sau nawa yake karantawa? Na miƙa wa mutane fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Idonsu kan faɗa kan adadin kuɗin, su yi hamdala, su juya shafin ƙarshe su nemi inda ake sa hannu. Sai ƙarshen wata, idan alat ya shigo, a zo ofishina da waya a hannu: "Anti, kuɗina bai cika ba." Ya cika. Adadin da ka gani na kafin a cire ne.

A kan fansho nake so in daɗe, don nan ne aka fi cutar masu shiru. Dokar fansho ta 2014, wadda ta maye gurbin ta 2004, ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi ya ɗora aƙalla kashi 10, a zuba duka a asusun ma'aikacin cikin kwanakin aiki bakwai da biyan albashi. Ana lissafin ne aƙalla a kan gundarin albashi da alawus ɗin gida da na mota. In waɗannan ukun sun kama naira 150,000, naka 12,000 ne, na kamfani 15,000, a wata 27,000, a shekara 324,000. Wajibi ne a kan kamfanin da ke da ma'aikata 15 ko fiye. Asusun naka ne, da sunanka da lambarka, yana bin ka duk inda ka koma. In ka rasa aiki ka yi wata huɗu ba ka sami wani ba, kana iya cire kashi 25 ko da ba ka kai shekara 50 ba. Dokar ta kuma tilasta wa kamfani ya yi wa ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba, abin da iyalai da yawa ba sa sani har a yi sadakar arba'in a watse.

Akwai wani direba da muka ɗauka, dattijo mai furfura a gemu, ya shekara bakwai a wani kamfani kafin ya zo wurinmu. Na ce ya kawo lambar asusun fanshonsa. Washegari ya zo da baƙar leda, ya kwance ta a kan teburina, ya fito da takardun albashi a jere, wata bi wata, an ɗaure da kyauron roba, wasu har sun fara cin kansu a wurin ninki. Kowacce da layin fansho, an cire. Na ce, "Baba, ka taɓa zuwa ka karɓi bayanin asusun?" Ya ce, "Hajiya, ai ga shi nan suna cirewa." Na ce cirewa daban, zubawa daban. Na tura shi ofishin masu riƙe masa kuɗin. Ya dawo da shafi biyu. Cikin wata 84, na wata 14 kawai aka zuba.

Ya daɗe yana kallon takardar, ya cire hula ya mayar. Na gaya masa hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, tana karɓar irin wannan ƙorafin, tana da masu bin kamfanoni su karɓo kuɗin har da tara. Ya girgiza kai. Ya ce lokacin da aka yi wa matarsa tiyata ogan ne ya biya kuɗin asibiti, da wane ido zai kai shi ƙara? Na lissafa masa a bayan ambulan cewa abin da aka riƙe masa ya ninka kuɗin tiyatar. Ya ce, "Na gani, Hajiya. A bar shi da Allah." Ya naɗe ledarsa. Har yau bai je ba, ni kuma na daina yi masa maganar, don na lura duk ranar da na ɗauko ta sai ya kwana biyu yana kauce wa ofishina.

Kada a ce ina yaƙi da kunya. 'Ya'yana ma ina koya musu su russuna su gaida manya, kuma in ɗana ya tsare babba da ido yana magana sai na harare shi. Amma ɗakin intabiyu ba zauren kakanka ba ne. Cikin mutum ukun da ke bayan tebur wataƙila babu wanda ya san cewa sunkuyar da kai ladabi ne. Na sha jin abokin aiki, bayan ɗanmu ya fita, yana cewa yaron nan kamar yana ɓoye wani abu, ko kuma bai yarda da kansa ba. Sai in tsaya ina fassara tarbiyya kamar tafinta. Haka maganar "mun yi". A tambayi yaro abin da ya yi a tsohon wurin aikinsa, ya ce mun gyara, mun rage asara, mun kawo tsari. Su wa? Sai an matsa masa sannan a gano shi kaɗai ne ya yi, tsoron yabon kai ne ya sa ya raba ladan da mutanen da ba su san an yi ba.

Na san an ce yabon kai jahilci. Amma a makarantar allo aka karantar da mu cewa Annabi Yusuf, alaihis salam, da bakinsa ya ce wa sarki a ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya kuma faɗi dalili: shi mai tsarewa ne, masani. Aikin sito ne ma, in an duba. Da Annabi Musa zai yi wa surukinsa aiki a Madyana, a fili aka yanka wa'adi, shekara takwas, in ya cika goma ganin damarsa ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani kuma umarni ce a rubuta bashi, komai ƙanƙantarsa. Albashin da za a biya ka bayan ka yi kwana talatin kana aiki, in ba bashi ba ne, mene ne? Faɗin abin da ka iya ga wanda zai biya ka don shi ba fariya ba ce, bayanin haja ne. Fariya ita ce ka faɗi abin da ba ka iya ba, kuma wannan ma ina gani, amma ba daga irin yaran da nake magana a kansu ba.

Masu tambayata yadda za su yi, nakan ce su fara da biro da takarda a gida, tun kafin su goge rigar intabiyu. Abuja ba Jos ba ce, inda za ka hau keke ɗaya daga Rikkos ka sauka Terminus. Mai ƙaramin albashi a nan a Mararaba ko Masaka ko Kubwa ko Suleja yake kwana, wasu a hanya suke sallar asuba don gudun cunkoson Nyanya, kuma tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 kuɗin mota ya zama haya ta biyu. Lissafa mota sau biyu a rana, kwana 22 ko 26 in ana fita Asabar, ka ɗora haya da abinci da abin da za ka aika gida. Abin da ya fito, ƙasa da shi ba aiki ba ne, wahala ce da katin shaida a wuya. Sannan ka tambayi masu irin aikin nawa ake biya a gari. Mafi ƙarancin albashi tun Yulin 2024 naira 70,000 ne, daga 30,000 na 2019, amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Shi ya sa za ka ga wanda gwamnati ke ba alawus ɗin 77,000 yana bautar ƙasa, ya cire kaki wata makarantar kuɗi ta taya shi ƙasa da haka, ba kuma ta karya doka ba.

In an zo tambayar, ba sai ka ɗaga murya ba. "Yallaɓai, na gode. Bisa aikin da aka bayyana mini da abin da zan kashe kafin in iso nan kullum, kaza nake ganin zai riƙe ni. Amma ina so in ji abin da kuka ware wa kujerar." Shi ke nan. A shekarun da na yi a bayan tebur ban taɓa ganin an fasa ɗaukar wanda ake so don ya faɗi haka cikin ladabi ba. Iyaka a ce ba za mu iya ba, ga abin da za mu iya. Wato albarka. Daga nan ka tambaya ko kafin a cire ne, wata nawa ne gwaji, akwai inshorar lafiya, yaya ake yi ranar Juma'a. Ta ƙarshen nan a wurin ake tambayarta, ba ranar da aka sa taro ƙarfe ɗaya da rabi ba.

Mata kuwa namu ya ninka, don bayan kunyar kuɗi akwai kunyar ciki. Dokar Ƙwadago ta ba mai haihuwa mako 12, shida kafin shida bayan, da aƙalla rabin albashi in ta yi wata shida a wurin, sannan rabin sa'a sau biyu a rana don shayarwa. Ma'aikatan gwamnatin tarayya mako 16 suke samu. Amma amarya za ta zo aiki ta ɓoye ciki a cikin hijabi har wata bakwai, ba ta tambayi kowa komai ba, sai ranar da ta yanke jiki a sito. Wata da na tambaya me ya sa ba ta gaya mini ba, cewa ta yi, "Anti, na fari ne." Na gane. Amma ni ba surukarta ba ce, ni ce mai cike fom ɗin hutun.

Na san akwai inda duk wannan ba ya ci. Akwai mai shagon da in ka ce takarda zai ce ka raina shi, ga kuma mutum goma a bakin ƙofa suna jiran ka fita. Yunwa ba ta san sashe na 7 ba. In haka ne, karɓi aikin, ba zan ce ka ƙi ba. Amma roƙi a riƙa biyanka ta banki ko da rabi ne, adana duk saƙon da aka turo maka, bayan wata uku ka nemi 'yar takarda ko mai layi biyar ce, ka ce banki ne suka nema ko mai gidan haya. Da na yi haka a wurin Alhaji, da hannunsa zai rubuta mini yana tsokanata.

Shi kuwa ɗan Jos, ban taɓa gaya masa abin da ke cikin fayil ba, ban kuma gaya masa albashin abokiyar aikinsa ba. Abin da na yi, na roƙi izini na fara zama da duk sababbin ma'aikata a makonsu na biyu, in ɗauki takardar albashi ta misali in bi ta layi-layi, in gaya musu cewa ranar tabbatar da mutum bayan gwaji rana ce da ake iya magana. Yana zaune a baya, yana rubutu, bai yi tambaya ko ɗaya ba.

Da wata shida suka cika muka kira shi, ni da manajan kuɗi. Ya shigo da 'yar takarda da ya yago daga littafi. A gefe ɗaya ya jera abin da ya yi: kayan da ya gano sun kusa lalacewa aka fitar da su da wuri, da giɓin da ya toshe tsakanin littafin sito da na masu lodi. Sau biyu ya fara da "mun", ya tsaya, ya gyara. A ɗaya gefen kuɗin mota ne daga Masaka zuwa Idu. Muryarsa tana rawa, gumi a goshi duk da sanyin ofis, amma ya kai ƙarshe. Manajan kuɗi ya danna kalkuleta, ya yi shiru, ya ce 205,000. Har yanzu yarinyar tana gabansa da 15,000.

Yaron ya sunkuyar da kai, ya haɗa tafukan hannu, na ce a raina shi ke nan, ga ta nan zuwa. Ya yi godiya. Sannan ya ɗago kaɗan ya ce, "Afuwan, yallaɓai, kafin a cire ne ko bayan an cire?"

Manajan kuɗi ya leƙo ni ta saman tabarau. Ni kuwa na duƙufa a kan fayil kamar na ga wani abu sabo a ciki. Ya ce kafin a cire ne. Yaron ya ce to, in babu damuwa a rubuta masa.

Kafin la'asar na buga takardar. A tsaye ya karanta ta a bakin ƙofata, shafi biyu, yana bin layi da yatsa, ya koma ya sake duba wurin wa'adin barin aiki, sannan ya ce, "Anti, ara mini biro."